Maganin barci da gwajin ƙwaya: abin da zaka yi kafin ka miƙa fitsarinka

Gwajin ƙwaya ya zama ruwan dare a Kaduna yanzu. Mai neman aikin ɗamara sai an masa, yaron da ke son shiga NDA sai ya bi ta hannun likitoci, wasu kamfanoni basa ɗaukar direba ko mai gadi sai da takardar, makarantu ma sun fara nema, har akwai iyayen da ke cewa saurayi ya kawo sakamako kafin a sa rana. Tunda Buba Marwa ya karɓi NDLEA a 2021 hukumar take ta kiran a riƙa yin wannan gwaji, kuma mutane sun karɓa. Ba laifi bane, dan binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, ta yi da gwamnatin tarayya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Matsalar ita ce akwai bayin Allah da yawa da likita ne da kansa ya ɗora su a kan maganin barci ko na farfaɗiya ko na fargaba, basu taɓa shaye-shaye ba, amma ranar gwaji robar da ake gwada fitsari da ita zata nuna su kamar yadda zata nuna ɗan ƙwaya. Robar bata san takardar likita ba, sinadari kawai take gani. Dan haka aikin kare kanka naka ne, kuma ana fara shi tun kafin ranar.

Mataki na farko: ka san ainihin sunan abin da kake sha

Yawancinmu launin ƙwaya muka sani. "Wata 'yar ƙarama ce fara", "wannan mai ruwan ɗorawa da ake sha da dare". Wannan bazai fishe ka ba a gaban mai gwaji. Ɗauko kwalin ko faranti ɗaya na maganin ka duba bayansa, akwai sunan kamfani da manyan harufa, sannan akwai sunan sinadarin a ƙasa da ƙananan harufa, wannan na biyun shi kake nema. In ambulan ɗin asibiti aka zuba maka babu suna, koma famasi ka tambaya su rubuta maka.

Magungunan kwantar da hankali da sa barci da aka fi bayarwa a nan gida kala biyu ne. Na farko dangin benzodiazepine, a jikin robar gwaji zaka ga an rubuta BZO. A cikinsu akwai diazepam wato Valium wanda yara ke kira D5, bromazepam wato Lexotan da ake yawan haɗa wa masu hawan jini da rashin barci, lorazepam wato Ativan, clonazepam wato Rivotril, alprazolam wato Xanax, nitrazepam, midazolam, da flunitrazepam wato Rohypnol, wanda a titi ake ce wa Rochi. Na biyu dangin barbiturate, a roba BAR, kuma a nan kusan phenobarbitone ne kaɗai zaka ci karo da shi, tsohon maganin farfaɗiya mai araha da mutane ke sha shekara da shekaru. Primidone shi ma in ya shiga jiki hanta na maida wani ɓangarensa phenobarbitone, dan haka a layin BAR zai fito.

Akwai waɗanda suke ɓoye kuma sune suka fi kama mutane. Librax da ake ba masu ciwon ciki da murɗa, cikinsa akwai chlordiazepoxide, shi ma ɗan gidan BZO ne, mutum yana ganin maganin olsa yake sha. Sannan allurar asibiti: in an maka ƙaramar tiyata, ko an zura maka kyamara ta baki dan duba ciki, ko an kai ka gaggawa kana jijjiga, akwai yiwuwar an maka diazepam ko midazolam kai baka ma cikin hayyacinka. In hakan ya faru cikin 'yan makonnin nan to ka lissafa shi cikin abin da ka sha.

Wasu kuma suna sa barci amma ba 'yan gidan nan bane. Zolpidem baya fitowa a layin BZO sai in robar tana da layinsa na daban. Amitriptyline yana fitowa a layin TCA, na wani dangin magungunan ciwon damuwa, in akwai shi. Piriton da promethazine basu da layin kansu. Codeine layinsa OPI ko MOP, tramadol kuma layinsa daban, duk da an hana haɗawa da shigo da maganin tari mai codeine tun watan Mayun 2018 har yanzu akwai shi a wasu ƙwayoyin ciwon jiki, dan haka ka duba su ma.

Mataki na biyu: ka fahimci abin da robar ke nema

Nan ne ya kamata ka ɗan nutsu, dan shi zai baka bakin magana in an samu saɓani.

Gwajin da ake yi a yawancin lab da ofisoshi shi ne na fitsari mai sauri, ko kofi mai tsinkaye a jikinsa ko wani ɗan allo mai ƙafafu da ake tsomawa. Wani yana duba abu 5, wani 10, wani 12. Ba sunan maganinka yake karantawa ba, dangi yake ganewa. Layin BZO an gina shi ne ya kama wani sinadari da ake kira oxazepam ko ɗan'uwansa nordiazepam, da duk abin da ya yi kama da su. Kuma yana da ma'auni, yawanci nanogiram 200 ko 300 a kowace mililita ta fitsari. In abin da ke fitsarinka bai kai wannan ba zai ce babu, ko da akwai ɗan kaɗan.

To diazepam in ka sha, hanta na farfasa shi ya zama nordiazepam da temazepam da oxazepam, kaga kenan daidai abin da robar ke jira. Shi yasa Valium baya ɓuya. Sannan yana daɗewa, shi kansa jiki kan ɗauki awa 20 zuwa 50 kafin ya rage rabinsa, nordiazepam ɗin kuma yana iya kai awa 100, ga shi yana son kitse yana maƙalewa a ciki yana fita a hankali. Wanda ya sha sau ɗaya ko biyu ana iya ganinsa har wajen kwana 10, wanda ya jima yana sha kullum kuma yana iya kai wata guda ko fiye bayan ya daina. Dattijo, mai ƙiba, da mai ciwon hanta sun fi daɗewa da shi a jiki.

Masu saurin fita irin su alprazolam da midazolam kwana 1 zuwa 'yan kwanaki ne. Phenobarbitone kuma mako 2 zuwa 3, amma wanda ke shansa kullum saboda farfaɗiya ai babu maganar lissafin kwana, kullum yana jikinsa kuma haka ya kamata ya kasance.

Abin da zai baka mamaki shi ne lorazepam da clonazepam. Mutum na iya shansu kullum robar tace babu, saboda siffar da suke fita da ita a fitsari bata yi kama sosai da abin da tsinken ke nema ba. Rochi ma haka, ƙwayar ƙarama ce kuma sau da yawa tana wucewa ba a gani ba a gwajin sauri. Wannan yana da amfani ta fuska biyu. Iyayen da suka sayi roba suka gwada yaro ta ce babu, kar su ɗauka magana ta ƙare in alamomi na nan. Shi kuma majinyacin da likitansa ke gwada shi dan ya tabbatar yana shan clonazepam ɗinsa, in ta ce babu kar a yi saurin cewa sayarwa yake yi. Kai kuma mai neman aiki kar ka dogara da wannan kace bari na yi shiru ƙila ba za a gani ba, robobi kala-kala ne, wani kamfanin nasa yana kamawa.

Jini ba a cika amfani da shi ba sai a asibiti ko bayan haɗari, dan abin baya wuce awanni zuwa kwana ɗaya ko biyu a cikinsa ga yawancin magunguna. Gashi yana riƙe tarihin wajen kwana 90 tunda yana tsiro kusan santimita 1 a wata, amma yana da tsada, da wuya ka haɗu da shi a nan.

Mataki na uku: haɗa takardunka

Aƙalla mako guda kafin ranar gwaji koma wurin likitan da ya rubuta maka. Ko Barau Dikko ne, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko asibitin sojoji na 44, ko asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin kuɗi na unguwa, kaje da katinka a ciro folda. Kace masa likita zan yi gwajin ƙwaya ne na neman aiki, ina so ka rubuta min takarda. Takardar ta kasance a kan ta asibiti mai tambari, da cikakken sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka, sunan maganin, yawan miligiram, sau nawa a rana, yaushe aka fara, sa hannun likita da hatimi da lambar da za a iya kira a tabbatar. In baka son a rubuta sunan ciwon ka faɗa masa, yana iya cewa kana ƙarƙashin kulawarsa kawai. Amma ka sani aikin soja da makamantansa suna da nasu ƙa'idar lafiyar, takarda zata wanke ka daga zargin shaye-shaye, ba lallai ta canza hukuncinsu a kan ciwon kansa ba. Gara dai a ce maka lafiya ce ta hana da a rubuta maka ɗan ƙwaya a fayil.

Haɗa da kwalin maganin da rasit ɗin famasi in kana da shi. Ka yi fotokwafi biyu, ka ɗauki hoto a waya, asalin kuma kar ka bar wa kowa.

Yanzu maganar da mutane basa son a taɓa. Da yawa daga masu shan Lexotan da Valium a garin nan ba likita ne ya rubuta ba, mai kemis ne na layi, ko likita ya rubuta na mako biyu shekara uku da suka wuce mutum ya ci gaba da saye da tsohuwar takarda, ko Hajiya ta ɓallo wa 'yarta biyu daga nata tace sha ki samu barci. Wallahi duk wannan a idon mai gwaji babu hujja a ciki. Mai kemis bashi da hurumin sayar da waɗannan, kuma takardarsa bata aiki. In kana cikin wannan layin kar ka nemi a buga maka takardar bogi mai tsohuwar kwanan wata, ana kira a tabbatar, in aka kama ka laifin ya zama biyu. Jeka asibiti ka faɗi gaskiya, tun yaushe kake sha, guda nawa. Likita zai duba ko kana buƙatarsa ya rubuta maka a ƙa'ida, ko ya tsara maka yadda zaka sauka. In gwajin ana iya ɗaga shi to ka nemi a ɗaga.

Mataki na huɗu: kar ka yanke maganin da kanka

Wannan na fi jin tsoro. Mutum ya ji gwaji saura kwana biyar sai ya ajiye maganin gaba ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da benzodiazepine ko phenobarbitone in ya tsaya farat ɗaya abin da ke biyo baya shi ne rawar hannu, zufa, bugun zuciya, barci ya ƙaurace, ruɗewa, sannan jijjiga wadda take iya kisa. Mai farfaɗiya kuma yana iya faɗuwa faɗuwar da bata tsayawa, a kan mashin ko kusa da wuta ko a bakin titi. Kuma bayan duk wannan wahalar in diazepam ne ko phenobarbitone kwana biyar basu isa ya fita ba, robar zata nuna shi. Saukar da waɗannan magunguna a hankali ake yi, makonni ko watanni, likita na rage wa kaɗan kaɗan.

Su kuma dabarun da ake yaɗawa, shan jarka guda ta ruwa, lemun tsami, tsamiya, zoɓo, madara, jiƙo, babu wanda ke wanke maganin daga kitsen jiki. Ruwa mai yawa fitsarin kawai zai tsinka, kuma robobi da yawa suna da ɗan wurin da ke auna creatinine, sinadarin da ke nuna kaurin fitsari, in ya yi ƙasa da 20 za a rubuta an tsinka, a ce ka sake, wasu wuraren ma su ɗauka ka faɗi. Kawo fitsarin ƙaninka a kwalba ma akwai ma'aunin zafi a jikin kofin, ana son ya nuna tsakanin digiri 32 da 38 cikin minti 4 na farko. Mai takardar likita bashi da buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan.

Mataki na biyar: ranar gwajin

Ka ci abincinka, ka sha ruwa daidai yadda ka saba, ka sha maganinka a lokacinsa. Da ka isa, kafin a miƙo maka kofi, nan ne wurin magana. Wasu wuraren akwai fom mai gurbin magungunan da kake sha, ka cike shi duka, har da na mura da na ciwon jiki. In babu fom ka buɗe baki:

"Ranka ya daɗe, kafin mu fara, ina shan phenobarbitone ne kullum da dare, ga takardar likitana, dan Allah a rubuta a haɗa da sakamakon."

In ya ce bari dai mu gani tukuna, ka ce "a yi haƙuri a rubuta yanzu". Bayanin da aka yi kafin sakamako shi ake ɗauka da daraja, wanda aka yi bayan layi ya fito kowa zai ce kame-kame ne. In 'yarki ce ko ɗanki zasu tantancewar makaranta, Hajiya ki tabbatar takardar na hannunsu kuma sun iya faɗin sunan maganin da bakinsu, dan yara kunya na sa su yi shiru a cikin layi.

Ka duba an ɓare kofin a gabanka daga ledarsa, ka duba kwanan watan lalacewarsa, ka ga an rubuta sunanka ko lambarka a jikinsa kafin ya bar idonka. A inda ake gwada mutum ɗari a rana musanyar kofi ba abin mamaki bane.

Sai karatun sakamakon, wanda ke rikita mutane dan ya saɓa da tsinken gwajin ciki da mata suka sani: a can layi biyu shi ne akwai, a nan layi biyu shi ne babu. Kowane tsinke yana da wuri biyu, C a sama, T a ƙasa. Fitsarin zai hau a hankali kaga jan layi ya bayyana a C, wannan na nufin tsinken na aiki. In wani layin ya fito a T to babu maganin, ko bai kai ma'auni ba. In T ya zauna fari fat, C kaɗai ke da layi, to akwai. Layin T ko da dishi-dishi ne sai ka karkata shi wajen haske kafin ka gani, babu ne, ba a cewa "akwai kaɗan". In C bai fito ba gwajin ya lalace a sake da sabo. Ana karantawa a wajen minti 5, wanda aka bari ya wuce minti 10 a kan tebur ba a dogara da shi. Ba rashin kunya bane ka nemi a nuna maka da idonka.

Mataki na shida: in ya nuna akwai

In layin da ya fito ya dace da maganin da ka bayyana, BZO ga mai diazepam, BAR ga mai phenobarbitone, to ka nemi a rubuta a jikin sakamakon cewa ya yi daidai da maganin da likita ya bayar, a maƙala kwafin takardar. Ka karɓi naka kwafin.

In kuma ya nuna abin da baka sha ba, kar ka tada jijiyar wuya, ka fara lissafo sauran magungunanka dan robar tana kuskure. Sertraline na ciwon damuwa yana iya kunna BZO. Efavirenz da ke cikin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki shi ma yana kunna BZO, wani lokacin har layin wiwi, duk da yanzu an maida yawancin mutane kan mai dolutegravir. Phenytoin na farfaɗiya na iya taɓa BAR, an kuma taɓa samun haka da ibuprofen da naproxen, sai dai ba kasafai ba. Rifampicin na tarin tibi da ofloxacin da levofloxacin suna iya nuna OPI. Promethazine na iya fitowa kamar amphetamine. Carbamazepine da quetiapine suna taɓa TCA. Kaga mai tibi da bai taɓa ganin codeine ba ana iya masa kallon ɗan sirof.

Abin da zaka nema shi ne gwajin tabbatarwa, wanda ake yi da na'urar GC-MS ko LC-MS. Ita wannan bata tsayawa a dangi, sunan sinadarin take fitarwa ɗaya bayan ɗaya da yawansa, ita ke raba sertraline da Valium, ita kuma ke ganin clonazepam da Rochi da roba ta tsallake. Ba kowane lab ke da ita ba, sau da yawa sai an tura samfurin wani wuri, da kuɗinsa da 'yan kwanakinsa. Ka nemi a yi shi a kan fitsarin ranar, wato a rufe ragowar a gabanka a sa hannu a ajiye a firij, dan wanda zaka kawo bayan mako guda za a ce ka samu lokacin da abin ya fita. In sun ce basu da wannan tsarin, ka roƙi a sake da robar wani kamfani nan take, sannan ka rubuta ƙorafi a takarda da kwanan wata ka riƙe kwafi.

Wani abu da ke rikita har ma'aikata: mai shan diazepam kaɗai in sakamakon na'ura ya dawo zai ga sunaye uku ko huɗu, nordiazepam, temazepam, oxazepam. Ba magani uku ya sha ba, guda ɗaya ne hanta ta rarraba. Amma in takardarka diazepam ce sai ga alprazolam ko ragowar Rochi sun fito, wannan kam takardar bazata rufe shi ba, dan diazepam baya rikiɗewa ya zama su. In mai karanta sakamakon bai gane wannan rabe-raben ba, ka ce a kai wa likita ko famasis ya duba kafin a tura wa masu ɗaukar aikin.